Tocila Mai Cin Zango: Kada Lambar Kwali Ta Yaudari Talaka

Masu iya magana na cewa dare mahutar bawa, to amma ba kowane bawa ne dare ke hutar da shi ba. A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram akwai mutanen da aikinsu ke farawa bayan sallar isha'i: manomin da ya yanke riɗinsa ya jingine a gona yana jiran ya bushe, da makiyayin da ke zagaya garkensa, da ɗan sintirin da ke gadin unguwa, da mai ban-ruwa a fadama lokacin rani, da magidancin da aka tasa tsakar dare ya je ya ɗauko ungozoma. Dukkansu babu abin da ke tsakaninsu da duhu sai tocilar da ke hannunsu. Idan ta yi aiki sun tsira da dukiyarsu da lafiyarsu, idan kuwa ta gaza, asarar kan wuce kuɗin da aka saye ta nesa ba kusa ba.

Na san wani mai karatu zai ce ana fama da tsadar abinci da matsalar tsaro, wa ke ta tocila? Amsata ita ce, ga mutumin karkara tocila tana cikin kayan tsaro, tana kuma cikin kayan sana'a. Garuruwa da dama a kudancin Jigawa ba su da wutar lantarki ko kaɗan, masu ita kuwa sun san halinta. A watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohinmu sun shafe fiye da mako guda cikin duhu. Kananzir kuma ya fi ƙarfin talaka, domin tun ƙarshen 2022 farashin lita ya haura naira dubu. Haka aci-bal-bal da fitilar ƙwai suka ja da baya, tocila mai ƙwan LED ta gaje su. Wannan ƙwai ƙaramin abu ne a ido, amma saboda ƙirƙiro nau'insa mai shuɗin haske, wanda daga gare shi ake samar da farin haske, aka bai wa masana uku 'yan asalin Japan, wato Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, lambar yabo ta Nobel a 2014. Fasahar ta iso mana da araha. Abin da bai iso ba shi ne sanin yadda ake bambance mai kyau da ta jabu.

A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin matsalar daga baki take farawa. Kalmar "fitila" daga Larabci muka aro ta, inda asalinta ke nufin lagwani, "tocila" kuwa daga Turanci. Mun ari sunayen, amma ba mu tanadi kalmomin auna su ba. Idan mai saye ya tsaya gaban mai tebur a kasuwar Sara ko ta Babaldu, tambayarsa guda ce: "Tana da haske?" Mai kaya ya kunna ta da rana tsaka, ya dallare masa ido, ciniki ya faɗa. Alhali kalmar "haske" a nan ta dunƙule abubuwa uku da ba su da alaƙar dole da juna. Akwai yawan hasken da ƙwan ke fitarwa, akwai nisan zangon da hasken ke ci, akwai kuma juriya, wato tsawon lokacin da tocilar za ta yi tana aiki kafin ta dushe. Wanda bai raba waɗannan uku a bakinsa ba, ba zai raba su a cinikinsa ba.

Mu fara da yawan haske, wanda ake aunawa da ma'aunin lumen. A nan ne ƙarya ta fi yin fure. Za ka ga tocila mai tsawon taƙi guda, an rubuta a kwalinta lumen 100,000, wata ma har da miliyan. Don mai karatu ya gane girman wannan zance, ƙwan fitilar mota na gargajiya yana ba da lumen tsakanin 1,000 da 1,700 ne kawai. Ƙwan LED mai inganci yana fitar da kimanin lumen 150 a kan kowane wat na lantarki, ke nan lumen 100,000 na buƙatar wajen wat 700, kusan abin da dutsen guga na lantarki ke ja. Batir ɗin da ke cikin irin wannan tocila, ko da na gaske ne, da ƙyar zai iya riƙe wannan nauyi na minti guda, kuma kafin nan robar ta narke a hannun mai ita. Saboda haka idan lambar kwali ta cika girma, ita kanta shaida ce cewa wanda ya buga ta ba ya tsoron a kama shi da ƙarya. Tocilar da ke ba da lumen 300 zuwa 1,000 na gaskiya ta wadaci kowane aikin gona ko na gadi.

Sai nisan zango, wanda shi ne ainihin buƙatar mai gadin gona. Zango bai dogara ga yawan haske kaɗai ba, ya dogara ne ga yadda aka tattara hasken wuri guda, kamar yadda ruwan da aka matse bakin tiyonsa ke cilla nesa fiye da wanda aka sake. Ma'aunin wannan tattarawa shi ake kira kandela. A 2009 masana'antun tocila na Amurka suka amince da ƙa'ida guda ta gwaji, wadda ta ce zangon tocila shi ne nisan da haskenta ya raunana har ya yi daidai da na farin wata a daren sha huɗu. Bisa wannan lissafi, kandela 10,000 na kai mita 200, amma kafin a kai mita 400 sai an sami kandela 40,000. Wato ninka zango sau biyu na buƙatar ninka ƙarfi sau huɗu. Wani abin lura kuma, hasken farin wata yana nuna maka cewa akwai wani abu a tsaye, amma ba ya gaya maka ko wane ne. Don haka shawarata ita ce a raba lambar da kamfanin kirki ya rubuta gida biyu ko uku. Gona mai faɗin hekta guda mita ɗari ce ta kowane ɓangare, ke nan tocilar da aka rubuta mata mita 250 zuwa 300 bisa gaskiya ta ishi mai ita ya gane fuskar mutum daga wannan iyaka zuwa waccan.

Wannan gane fuska ba ƙaramin al'amari ba ne. A lokacin kaka, sa'ad da amfani ke zube a gona, dabbobi kuma ke saukowa, zukata kan yi zafi tsakanin manoma da makiyaya. Mai gadin da ya hangi inuwa bai tantance ta ba, yana iya yin kururuwar ɓarawo a kan maƙwabcinsa da ya fito neman ɓatacciyar akuya, kuma kowa ya san abin da kururuwar dare ke haifarwa a ƙauye. Tocilar da ke bambance saniya da mutum, da baƙo da ɗan gari, tana kashe fitina tun kafin ta tashi.

To yaya ake gane mai cin zango ba tare da dogaro ga kwali ba? A dubi kanta. Idan ƙoƙon nan mai sheƙi da ke kewaye da ƙwan yana da faɗi da zurfi da santsi, kuma ƙwan guda ɗaya ne ƙarami a tsakiya, to za ta cilla. Wadda aka jera wa ƙananan ƙwayaye goma ko ashirin a fuska tana haska tsakar gida sosai, amma ba ta zuwa ko'ina. Irin wadda ake jan kanta gaba da baya don tsuke haske tana burge mai saye, sai dai idan aka tsuke ta wani kaso mai yawa na hasken yana ɓacewa a cikin gangar jikinta, kuma ta wurin jan nan ƙura da ruwa ke shiga. A lokacin hunturu kuma, haske fari fat mai ratsin shuɗi yana dawowa idon mai riƙe da shi idan ya bugi hazo, wanda ya ɗan karkata ga ruwan ɗorawa ya fi sauƙin gani da shi.

Sai dai akwai haɗari a cikin son zango shi kaɗai. Tocilar da ta tsuke kamar tsinke tana nuna maka bishiyar da ke can nesa, ta bar ƙafarka cikin duhu, alhali abin da ya fi kashe mai tafiyar dare a daji yana nan kusa da ƙafarsa. Kudancin Jigawa ƙasa ce mai duwatsu da ciyayi, irin wurin da kububuwa da kasa ke so, kuma kububuwa da dare take fitowa farauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi watsi da su a 2017, kuma ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a duniya kowace shekara. Wanda aka sara a wani ƙauye na bayan Gwaram da ƙarfe biyun dare, tafiya ce mai nisa a gabansa kafin ya isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ga kuma tsadar maganin dafi. Saboda haka tocilar kirki ita ce mai cibiya mai ƙarfi da ke tafiya nesa, da kuma da'irar haske mai laushi a kewaye da ke nuna inda za a taka. Ya kamata kuma ta kasance tana da matakin ƙaramin haske, domin shi ake tafiya da shi, a ajiye babban don hange.

Abu na uku shi ne juriya, kuma wannan maganar batir ce. Yawancin tocilolin roba masu araha da ake sokawa a bango ɗauke suke da ƙaramin batir mai dalma, wanda ke lalacewa idan aka bar shi ya ƙare ƙaf ya kwana biyu ba caji. A garin da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba, wannan hukuncin kisa ne a kansa, kuma da yake a manne yake a ciki, mutuwarsa mutuwar tocilar ce. Wadda ta fi dacewa ita ce mai batir ɗin litiyam da ake iya cirewa, irin wanda ake kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa kuma 65. Ana cajinsa da wayar caji irin ta salula a shagon mai caji ko da faifan sola, idan ya tsufa a sayi wani. A nan ma sai an yi hattara, domin yawancin masu inganci na irin wannan batir ba su wuce 3,500 da 'yan kai ba a ma'aunin da ake rubutawa mAh. Duk wanda aka buga wa 9,900 jabu ne, kuma sau da yawa za ka ji shi sakayau a hannu. Ɗan guntun gilashin sola da ake liƙawa a bayan wasu tociloli kuwa, ƙanƙantarsa ta sa sai ya yi kwanaki a rana kafin ya cika batir, zafin ranar kuma yana rage wa batir ɗin kwana. Wanda ke nesa da wurin caji, gara ya riƙe mai amfani da manyan baturan nan da ake samu a kowane teburi.

Duk wannan bayani ana iya taƙaita shi a gwaji guda da ba ya buƙatar ilimin boko. Kada a yanke hukunci a kan tocila da rana. A yi sharaɗi da mai kaya cewa za a gwada ta da dare, a dawo da ita idan ta gaza. A je filin ƙwallon makaranta, wanda tsawonsa ya kai kimanin mita ɗari, a tsayar da yaro a wancan ƙarshen, a ga ko za a gane fuskarsa da launin rigarsa. Sannan a bar ta a kunne na rabin sa'a, a sake dubawa, domin da yawa suna ruri a minti biyar na farko, daga nan su koma kamar garwashin da toka ta rufe. Ɗan kasuwar da ya amince da kayansa ba zai ƙi wannan sharaɗi ba.

Za a ce talaka abin da aljihunsa ya iya yake saye, kuma gaskiya ne. To amma araha ba ta ado. Wanda ya sayi tocila uku a damina ɗaya, kowace ta mutu bayan 'yan makonni, ya biya kuɗin mai kyau guda ɗaya, kuma bai more ta ba. Talaka ne ma ya fi kowa buƙatar kaya mai ƙarko, domin shi ne ba ya da halin saye sau biyu. Tsada kuma ba ita ce shaidar inganci ba, tunda ana sayar da jabu da tsada idan kwalinsa ya yi ƙyalli.

A ƙarshe, ina kira ga Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya, da su ɗauki lambar ƙarya a kan kwalin tocila da batir a matsayin algus, daidai da tauye mudu. Manyan dillalanmu na Kano da ke sauke wannan kaya daga ƙasar Sin su ma suna da ta cewa, domin masana'antun can suna ƙera mai kyau da marar kyau, abin da mai oda ya nema shi ake ɗora masa. Gidajen rediyon da ke Dutse za su taimaka ƙwarai idan suka ware 'yan mintoci a shirye-shiryen manoma suka bayyana bambancin yawan haske da zango da juriya cikin Hausar da kowa ke ji. Mu kuma da muka yi karatu muke zaune a birane, mu ne ake aiko wa saƙo daga gida a ce a taho da tocila. Idan muka iya ɓata sa'a guda muna tantance wayar salular da za mu saya wa kanmu, bai kamata mu ɗauki ta farko da muka gani a bakin tasha mu aika wa mahaifin da zai kwana da ita a gona ba. Allah Ya tsare mana manoma da makiyaya, Ya sa a kwashe amfani lafiya.