Direban da ya ajiye makulli don koyon sana'a: a rage masa shekaru, a ba shi na cefane



Wanda duk ke zama a tashoshin manyan motoci na Maraɗi, Damagaram, Ƙonni ko Gaya ya san hirar da ake yi yanzu: wane ya maida wa mai mota makulli, wai zai koma garaji koyon aiki. Sai ka ji an kwashe da dariya, ana cewa mutum da gemunsa zai koma miƙa wa yara sifana. Mu dai a ganinmu wannan mutum ya yi lissafi, kuma abin da ya kamata mu tattauna shi ne yadda zai ci da iyalinsa kafin ya ƙware.

Mu tuna abin da ya faɗa wa sana'ar tuƙi cikin ƴan shekarun nan. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan 26 ga Yuli 2023 CEDEAO ta sa muna takunkumi, gadar Gaya da Malanbil ta rufe, motoci suka yi dogon layi da kaya a bayansu. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma hanyar Kwatano ba ta koma yadda muka santa ba. Kaya suka koma bi ta Lome, a ratsa Burkina ta Dori a shigo Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Direba sai ya share makonni yana jiran ayari ya tashi, in ya tashi kuma iyalinsa ba su barci sai sun ji muryarsa a waya.

Kowa ya san yadda ake biyan direba a ƙasar nan. Albashin wata kaɗan ne, abin da ke riƙe gida shi ne kuɗin hanya da ɗan abin da ya saura a kowace tafiya. Mota ta tsaya, tukunya ta tsaya. Da yawansu ba su da rajista a CNSS, ranar da baya ya ƙi ko ido ya rage gani, mai mota zai miƙa makulli ga wani, shi ke nan. To don Allah wanda ya hango wannan tun yana ɗan shekara 35, ya ce bari ya nemi aikin da ba a rufe shi da shinge a kan iyaka, ina abin dariya a nan?

Matsalar tana cikin tsarin koyon sana'a irin namu, domin don yara aka gina shi. Uba ya kai ɗansa ɗan shekara 12 wurin maigida, yaro ya yi shekaru yana shara da wankin kayan aiki da zuwa aike, kafin a bar shi ya taɓa inji. Ba takarda, ba ranar gamawa, sai ran da maigida ya ga dama ya sallame shi. Yaro yana iya jurewa tunda gidansu yake cin tuwo. Magidanci mai mata da ƴaƴa huɗu da kuɗin haya ba zai kai wata uku a haka ba. Shi ya sa za ka ga ya koma tasha yana neman ko wace irin mota ce, ko da ba ta da birki mai kyau, mutane kuma su ce dama mun faɗa.

Kiranmu na farko ga masu garaji da masu walda da masu gyaran wutar mota ne. Direban da ya yi shekara 10 a kan babbar mota ba sabon shiga ba ne. Yana jin ƙarar inji ya san inda ciwo yake, ya sha kwance ƙafar mota cikin daji shi da yaron motarsa, ya san riƙon amanar kayan miliyoyi. Ku zauna da shi gaban shaidu ku rubuta yarjejeniya: wata nawa zai yi, me da me za a koya masa, nawa za a ba shi a yini. Ko jika guda ce, a san da ita. Kuma riba ce gare ku, don abokansa direbobi wurinku za su riƙa kawo motocinsu.

Kira na biyu ga hukuma. Muna da FAFPA, asusun da aka kafa don tallafa wa koyon sana'a, muna da cibiyoyin CFM a kwaminoni da dama, ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Me zai hana a ware gajeren horo na manya, da yamma ko a ƙarshen mako, a haɗa shi da aiki a garaji, a ƙarshe a yi wa mutum gwaji a ba shi takardar shaida? Sandikar direbobi ma da aikinta a nan. Kuɗin da ake karɓa a tasha kullum, a ware wani abu a ciki don sayen kayan aiki ga wanda ya gama koyo.

Kira na uku ga direban kansa. Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Makonnin nan da kake zaune kana jiran lodi, a nan za ka fara leƙa garaji. Ka tara abin da zai riƙe gida na wasu watanni, ka shawarci uwargida tun da wuri, don ita ce za ta ji canjin kafin kowa. Kada ka bar permi ɗinka ya mutu. Sannan ka zaɓi sana'ar da ke kusa da abin da ka sani kuma ake nema: gyaran injin gazuwal, wutar mota, walda, injin ban ruwa. Masu albasa a Galmi da masu lambu a Jiratawa ba su rabuwa da neman mai gyaran inji. Tun da Najeriya ta yanke muna wuta a Agusta 2023 mutane suka ƙara rungumar sola, a gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse, kuma duk wanda ya taɓa kiran wanda bai iya ba ya ƙona masa batir ya san darajar ƙwararre.

Mun san wasu za su ce hanyoyi za su buɗe, kuma tafiya guda mai kyau ta fi abin da mai walda ke samu a sati. Gaskiya ne, ƙasar da ba ta da teku ba za ta taɓa rabuwa da direba ba, shinkafarmu da magungunanmu a bayan motarsa suke zuwa. Ba mu ce kowa ya sauka ba. Wasu kuma za su ce garaji sun yi yawa a gari. Sun yi yawa, amma ku tambayi masu motoci sau nawa suke ɗaukar fanfon gazuwal su kai Kano ko Katsina don ba su yarda da aikin gida ba. Wannan kuɗin da ke tsallaka iyaka, ɗan garinmu ne ya kamata ya ci shi.

Mu kuma sauran jama'a, namu mai sauƙi ne. In ka ga tsohon direba da baƙin mai a riga yana karɓar umarni daga wanda ya girma, ka gaishe shi da aiki yadda kake gaishe shi lokacin da yake dawo maka da tsaraba daga Lome. In ya buɗe nasa wurin, ka kai masa aikinka, ka biya shi a kan lokaci.

Masu garaji da ke karanta mu, wa zai fara rubuta irin wannan yarjejeniya? Muna sauraronku. Allah shi tsare waɗanda ke kan hanya, shi sa albarka a hannun masu koyo.