Daga Madafarmu: Miyar Kori da Jatan Lande

Mu a Korbongou nesa muke da teku: daga Lome zuwa Dapaong mota tana cin fiye da kilomita 600, ta ratsa Atakpame, Sokode, Kara da Mango. Don haka ɗanyen jatan lande, wato crevettes da Faransanci, ba ya iso mana sai a daskare, kuma a nan hatsarin yake. Idan ya narke a hanya aka sake daskarar da shi, yana iya kwantar da gida guda da ciwon ciki. In muka ga ƙanƙara ta dunƙule cikin leda, ko muka ji wari mai hawa hanci, mukan bar shi komai arharsa.

Miyar kuwa ba ta da wuya. Mukan soya albasa biyu a man gyaɗa, mu zuba tafarnuwa, ɗanyar citta, tumatir uku da garin kori cokali biyu. Sai mu goge kwakwa guda, mu jiƙa da ruwan ɗumi, mu tace da tsumma mai tsabta. Wannan madara ce ke ba miyar kauri, amma a rage wuta, kada ta tsinke.

Jatan lande shi ne ƙarshen shiga. Minti 3 zuwa 4 sun isa. Da ya yi ja ya lanƙwashe, a sauke. Mun taɓa barinsa minti 15, baƙi suka yi ta tauna kamar roba.

In ɗanye bai samu ba, busasshe na kasuwa ma ya yi, a jiƙa shi tukuna.