Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Darasi Daga Gwanjon Tsofaffin Motoci

Gabatarwa

A kunnen Bahaushe kalmar gwanjo tafe take da araha, domin kayan gwanjo su ne waɗanda wani ya mora ya gaji, ko kuwa waɗanda hukuma ta kaɗa wa ƙararrawa don ta rabu da su. To, amma a ranar 5 ga watan Mayu, 2022, an yi wani gwanjo a gidan tarihin kamfanin Mercedes-Benz da ke birnin Stuttgart na ƙasar Jamus, inda aka sayar da mota guda ɗaya tak, ƙirar 1955, mai suna 300 SLR Uhlenhaut, a kan Yuro miliyan 135. Kafin wannan, a shekarar 2018, an sayar da wata Ferrari 250 GTO ƙirar 1962 a garin Monterey na Amurka a kan Dala miliyan 48.4.

Mai karatu da ke zaune a ƙauye irin Darini, a yankin Batsari da Safana, yana iya cewa wannan wasan masu kuɗi ne da bai shafe shi ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne ya shafe shi, domin tsofaffin motocin da suka yi wa ƙasar Katsina hidima suna ƙarewa a kan sikelin 'yan gwangwan, kuma wajibi ne a tsirar da kaɗan daga cikinsu tare da tarihinsu tun kafin a wayi gari babu ko ɗaya.

Me ake saya a wurin gwanjon?

Ƙarfe da roba da gilashin da ke jikin waccan Marsandi, in da za a aza su a sikeli, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Abubuwa uku ne suka ba ta daraja. Na farko shi ne ƙaranci, wato guda biyu rak aka taɓa ƙerawa, kamar yadda aka ƙera 36 kawai na waccan Ferrari. Na biyu shi ne asali, wato a tarar injinta da jikinta su ne waɗanda ta fito da su daga masana'anta, lambobinsu kuma sun dace da abin da ke cikin littafin kamfani. Na uku shi ne rubutaccen tarihi: wa ya ƙera ta, wa ya mallake ta, ina ta shiga, wa ya gyara ta.

Ko tsatsa ba ta iya shafe waɗannan abubuwa uku. A shekarar 2014 an gano motoci kimanin 60 a rumfunan wata gona a yammacin Faransa, waɗanda wani mai kamfanin sufuri, Roger Baillon, ya tara, aka kuma bar su shekara da shekaru ba kulawa. Da aka kai su gwanjo a birnin Faris a watan Fabrairu, 2015, wata Ferrari da aka tarar a ƙarƙashin tarin tsofaffin mujallu ta haura Yuro miliyan 16. Haka nan a Nijeriya, baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas. Akwai irinta da yawa a duniya, amma abin da ya faru a cikinta ya sa babu mai iya maye gurbinta.

Abin da ya yi yawa shi ke saurin ɓacewa

Masana ilimin halittu sun daɗe da lura cewa yawan abu ba ya hana shi ƙarewa, sau da yawa ma yawan ne ke sa a yi sakaci da shi. A da raƙumin dawa ya wadata a Afirka ta Yamma, har da arewacin Nijeriya, amma farauta da fari da sarar daji suka rage shi, ta yadda a shekarar 1996 kimanin 49 kawai suka saura, dukkansu a yankin Kure, kusa da birnin Yamai na Jamhuriyar Nijar. Da aka tashi tsaye wajen kare su, yawansu ya haura 600. Abin da ya cece su shi ne an farga tun da sauran iri.

Mota ba ta haihuwa, saboda haka lamarinta ya fi na raƙumin dawa tsanani. Daga ranar da masana'anta ta daina ƙera wani samfuri, yawansa raguwa kawai zai dinga yi. A ɗauki misalin Fijo 504. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, ta kuma lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har zuwa 2006, wato shekaru da dama bayan an daina yin ta a Turai. Ita ce motar ma'aikaci da hakimi da direban tasha. 'Yar'uwarta a-kori-kura, tare da Landirobar gwamnati da manyan motoci masu bodin katako, su suka yi jigilar gero da dawa da gyaɗa daga ƙauyukan Batsari da Safana zuwa kasuwanni, suka kai masu naƙuda asibiti, suka kai yara makarantun kwana. A yau idan ɗaya ta kwanta, ƙarshenta a yanka ta, a auna, a narke a yi rodin gini. Ƙungiyar duniya mai kula da motocin tarihi ta sa shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun motar da za a kira ta tarihi, ke nan duk 504 ɗin da ta fito daga Kaduna kafin tsakiyar shekarun 1990 ta riga ta cika wannan sharaɗi na shekaru.

Abokan gaban tsohuwar mota

Babban abokin gaba shi ne tsatsa, wadda ke samuwa idan baƙin ƙarfe ya haɗu da iskar oksijin tare da ruwa. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka takan kumbura ta ɓare, ta buɗe sabon ƙarfe ga iska, aikin ya ci gaba. Gishiri yana gaggauta wannan aiki, shi ya sa motocin garuruwan bakin teku, da na ƙasashen da ake watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, suke saurin ruɓewa. Idan kuwa laimar iska ta yi ƙasa da kimanin kashi 60 cikin 100, tsatsa takan ragu ƙwarai. A nan ƙasar Katsina ta yi sa'a, domin damina 'yan watanni ce, kuma a lokacin hunturu laimar takan sauka ƙasa da kashi 20. Irin wannan bushewa ce ta sa Amurka ta zaɓi hamadar jihar Arizona don ajiye dubban tsofaffin jiragen samanta na soja.

Sai dai ranar da ke kare ƙarfe ita ce ke lalata sauran sassa. Haskenta yana tsinka ƙwayoyin da suka haɗu suka yi roba da fenti, shi ya sa taya kan tsage, fenti ya koɗe, kujera ta farfashe. Har ila yau akwai halittu. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina girma, dole ya riƙa gaigayar abu, kuma wayoyin mota suna cikin abin da ya fi samu. Gara tana cin katakon bodi da tabarmar ƙasa. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a duk ƙofar da ya samu a inji, yayin da funfuna ke kama kujeru da damina. Fetur ɗin da ya daɗe a tanki shi ma yakan koma kamar ƙaro ya toshe kafireto.

Maganin duk waɗannan ba ya buƙatar dukiya: rumfa mai inuwa wadda iska ke ratsawa, a ɗora motar a kan bulo don taya ta huta, a cire batir, a tsiyaye fetur, a wanke lakar da ta maƙale a ƙarƙashi, a toshe bakin salansa, a kuma riƙa share ciyawar da ke kewaye.

Abin da masu suka za su ce

Wani zai ce yankin da ya sha fama da 'yan bindiga a kewayen dajin Rugu, ga talauci, ba shi da lokacin lallashin gwangwani. Wannan magana tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai fifita mota a kan ran ɗan Adam. Amma wurin da mutane suka yi ta ƙaura, dattawa suka watse, shi ne wurin da tarihi ya fi saurin salwanta, kuma abin da ake nema a nan rumfa ce da littafin rubutu. Wani kuma zai ce narkar da tsohon ƙarfe alheri ne ga muhalli, tsofaffin injina kuma hayaƙi gare su. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ake maganar ajiye ɗaya ko biyu daga kowane samfuri, sauran kuwa a bar wa 'yan gwangwan sana'arsu.

Akwai kuma gargaɗi ga mai mafarkin kuɗi. An ƙera 504 fiye da miliyan uku a duniya, saboda haka kada wani ya zaci kwantacciyar motar kakansa za ta kawo masa miliyoyin Yuro. Darajarta ta ilimi ce da tarihi. Injinta a buɗe yake, ɗalibi yana iya bin hanyar mai da ta wuta da ta ruwa da idonsa, ya fahimci darasin konewa da zafi da lantarki fiye da yadda zanen allo zai nuna masa, abin da ke da wuya a motocin zamani da kwamfuta ke sarrafawa.

Kammalawa

Aikin yana iya farawa daga makarantun sakandare. Ƙungiyar kimiyya ta kowace makaranta ta buɗe rajistar tsofaffin motocin garinsu: samfuri, shekara, lambar inji, hoto, hanyoyin da motar ta bi, har da kirarin da aka rubuta a jikinta. Ɗalibai su zauna da tsofaffin direbobi da makanikai da 'yan kamasho su rubuta abin da suka sani, domin su ne littafin kamfanin da waɗannan motoci suke da shi. Sa'an nan Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da gidan tarihi na ƙasa da ke ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, su duba yiwuwar karɓar waɗanda suka fi cancanta su adana. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya ajiye ta ne zai same ta ranar buƙata.