KAFIN KA SAYI KEKE MAI BATIR, KA AUNA HANYARKA



Bayan taron ƙungiyarmu na kaka, wani ɗan'uwa ya tsai da ni a bakin majami'a. Shi malamin firamare ne, yana kuma noma. Makarantar da aka tura shi tana da nisan kilomita 18 daga gidansa, watau kilomita 36 ke nan zuwa da dawowa kowace rana. Ya ce kuɗin mai ya kusa cinye albashinsa. Yana so ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa da buhunan masara, ya sayi irin keken nan mai batir da ya gani a birni. Ya ce, "Malam, wanne zan saya?" Na san ba shi kaɗai ke da wannan tambaya ba. Akwai masu bishara, da ma'aikatan asibitin ƙauye, da masu gona mai nisa. Saboda haka na ga ya kamata in ba da amsa a nan, kowa ya ji.

Kukan ɗan'uwan nan gaskiya ne. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayu 2023, litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Zuwa watan Oktoba 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Mai tafiyar kilomita 36 yakan ƙone kusan lita ɗaya kullum. A ganina keke mai batir abin kirki ne ga irin wannan mutum. Amma akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe. Wanda ya sayi wannan keke, batir ya saya. Ƙarfe da fenti da fitila duk rakiya ne. In batirin bai isa hanyarka ba, ka zubar da masararka ke nan.

Da fari, ka auna hanya. Kada ka ce "ba nisa." Ka duba agogon babur ka san yawan kilomita. Kuma ka auna hanyar damina, lokacin da rafi ya kawo ruwa ana zagayawa, ba ta rani ba. Ka lura ko kwalta ce, ko jar ƙasa, ko yashi, ko hawan dutse irin na Filato. Yashi da tudu da iskar hunturu in tana bugun ƙirjinka, duk suna shan wuta.

Na biyu, ka koyi karanta batir. A jikinsa za ka ga lambobi biyu, ɗaya da harafin V, ɗaya da haruffan Ah. Ka ninka su. Abin da ya fito ana kiransa Wh, shi ne yawan wutar da batirin ke ɗauka. Ka ɗauke shi kamar mudu nawa ke cikin buhu. Batir mai 36V da 10Ah yana da Wh 360. Mai 48V da 20Ah yana da Wh 960. A kan kwalta, in kana taimaka masa da ƙafa, kilomita ɗaya takan ci wajen Wh 10. A hanyar ƙauye, da ɗan kaya a baya, ka lissafa Wh 20. To, malamin nan yana bukatar Wh 720 kowace rana. Ka ƙara masa kashi ɗaya cikin uku domin tsufan batir da zagaye, ka ga ya kai Wh 960. Ƙaramin batirin nan mai araha zai kai shi makaranta lafiya, amma ba zai dawo da shi gida ba. Mai sayarwa zai ce maka yana tafiyar kilomita 60. Mai yiwuwa ba ƙarya yake yi ba, amma da mutum marar nauyi aka gwada, a shimfiɗaɗɗiyar kwalta. Ba hanyarka ba ce.

Na uku, ka tambayi irin batirin. Akwai na darma, irin na mota. Yana da araha, amma ga nauyi, kuma in ana zuƙe shi ƙaf kullum ba ya daɗewa. Araha ba ta ado. Akwai na litiyam, mai sauƙin ɗauka. Shi yakan soma raguwa sosai bayan an cika shi sau 500 zuwa 800. Mai tafiya kullum yakan yi caji kusan sau 300 a shekara, watau bayan shekara biyu ko uku sai a soma zancen sabo. Akwai kuma wani irin litiyam da ake rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ya ɗan fi nauyi, amma ya fi jure zafi, ba ya saurin kama wuta, yakan kuma kai caji 2,000 ko fiye. In aljihu zai iya, shi na fi so domin ƙasarmu mai zafi.

Na huɗu, ina za ka sami wuta? Wannan ita ce tambayar da mutane suke mantawa. Yawancin ƙauyukanmu ba lantarki, inda akwai kuma ba ta zama. Cika babban batir da ƙaramar caja yakan ɗauki awa 8 zuwa 10. Wani zai ce ai sai ya sa sola a gida. To, amma lokacin da rana take sama, kai da keken kuna wurin aiki. In ba ka da babban batirin ajiya a gida, solar ba ta amfane ka ba. Shi ya sa na ce ka zaɓi keken da ake iya zare batirinsa a shiga da shi ɗaki. Sai a kafa faifan sola a makaranta ko asibitin da kake aiki, batir yana sha kana koyarwa. Faifai mai wat 300 yakan ba da wajen Wh 1,000 a rana mai haske. A watan Agusta ko cikin ƙurar hunturu ba zai kai haka ba, sai ana share shi.

Na biyar, ka tabbata yana da feda da sarƙa na ainihi. Ran da batir ya mutu a daji, ƙafarka ce za ta kai ka gida, ko da yake keken ya fi wanda muka saba nauyi nesa. Ka duba taya. In girmanta irin wanda mai faci na kasuwarku yake da shi ne, madalla. Iyayenmu sun ji daɗin Raleigh domin ko'ina ka je akwai mai gyara da kayan gyara. Keken da sai an aika Legas kafin a sami tayarsa, ado ne kawai.

Ga gargaɗi kuma. Kada ka ratsa rafi har ruwa ya rufe injin da ke cikin ƙafar keken. Kada ka bar batir a rana cikin zafin Maris da Afrilu. Kada ka yi caji da cajar da ba tasa ba. Kada ka yi caji a ɗakin da yara suke kwana, ko kusa da rumbu da ciyawa. Batirin da ya kumbura ko yake wari, a fitar da shi waje nan da nan. Wutar litiyam tana da wuyar kashewa.

Wani zai ce, "Ai babur ya fi." Ga wasu ayyuka, haka ne. Keke mai batir ba zai ɗauko buhun taki biyu ba, ba kuwa zai kai mai naƙuda asibiti da dare ba. Saboda haka ban ce kowa ya sayar da babur ba. Gari bai kamata ya rasa babur ba. Maganata ga mai tafiya shi kaɗai ce, hanya ɗaya kullum, da jaka ko ɗan kwando.

Ga shawarata ga ƙungiyoyinmu. Kada kowa ya je birni shi kaɗai ya sayo irin nasa. In mutum biyar suna so, su haɗu su sayi iri ɗaya, domin caja da taya da batir su zama ɗaya. A tura saurayi ɗaya ya koyi gyara. Wanda ya saya kuma, kada ya cinye duk kuɗin man da ya huta saya. Kowane mako ya ajiye rabi a asusun ƙungiya, ran da batir ya tsufa ba sai ya sayar da akuya ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A cikin Luka 14:28 Ubangijinmu ya koya mana cewa mai niyyar gini ya fara zama ya yi lissafi, kada ya kafa tushe ya kāsa gamawa. Masarar da za ka sayar guminka ce da na iyalinka, baiwar Allah ce kuma da za ka ba da lissafinta. Ɗan'uwanmu malami ya koma gida da takarda da fensir. Ya ce ba zai taɓa buhu ko ɗaya ba sai ya auna hanyarsa ta damina, ya kuma yi magana da hedimasta a kan inda za a kafa sola. Ku ma ku yi haka, ku kawo lissafinku taro mai zuwa mu duba tare.

Allah ya ba mu hikima.

Naku cikin aikin Ubangiji,
Malamin Gona