Dabgin Dave Sim da Ranar da Aka Rasa Mai Ce Masa A'a

A watan Disamba na 1977, wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Dave Sim ya buga wata 'yar mujallar labarin zane a garin Kitchener na lardin Ontario, ƙasar Kanada. Baƙi da fari ce, kwafi 2,000 kacal. Yaron bai ko gama sakandare ba, babu wani kamfani da ya tsaya masa, kuma jarumin labarin nasa dabgi ne, gajere, mai launin toka, ga takobi ga son giya da zinariya, ana ce masa Cerebus. Ba a jima ba sai ya fito ya ce labarin zai kai fitowa 300, kuma da mutuwar dabgin zai rufe shi. Jama'a suka ɗauka cika baki ne irin na ƙuruciya. A watan Maris na 2004 fitowa ta 300 ta shiga kasuwa. Shafi wajen 6,000 ke nan, cikin shekara 26 da 'yan watanni, daga ƙaramin kamfaninsa na kansa mai suna Aardvark-Vanaheim.

Na karanta wannan aiki, kuma abin da nake gani shi ne an zalunce shi ta fuska biyu. Masu sharhi sun zalunce shi da suka nemi su share shi daga tarihi saboda fushin da suke yi da mai shi. Mai shi kuma ya fi kowa zaluntarsa, domin ya kai matsayin da ya kori duk wanda zai iya duban idonsa ya ce masa wannan shafin bai yi ba.

Sai an san yadda sana'ar take a wancan lokaci kafin a gane girman abin da ya yi. A Amurka, manyan kamfanoni irin su Marvel da DC su ke da komai. Mai zane ya ƙirƙiri jarumi, a biya shi kuɗin shafi, jarumin ya zama dukiyar kamfani har abada. Jerry Siegel da Joe Shuster sun sayar da Superman a kan dala 130 a 1938, suka tsufa cikin ƙunci alhali ana kwasar miliyoyi da abin da suka ƙaga. Shuster ɗin ma haifaffen Toronto ne, ba nisa da garin su Sim. Abin da ya buɗe wa irin su Sim ƙofa shi ne sababbin shagunan da ba su sayar da komai sai labaran zane, waɗanda ke sayen kaya daga dillalai a kan sharaɗin ba mayarwa. Idan shago ya nemi kwafi goma, goman nan an saye su ke nan. Saboda haka mutum ɗaya mai ƙaramin jari zai iya sanin adadin da zai buga tun kafin ya je maɗaba'a, ba zai wayi gari da ɗaki cike da kwantai ba.

Fitowar farko-farko ba su da wani armashi, kwaikwayon ban dariya ne na labarin Conan, zanen ma da sauran gyara. Amma wata-wata hannun yaron ya yi ta faɗawa a gaban idon masu karatu. Daga fitowa ta 26 zuwa ta 50 ya yi labari guda mai suna High Society, inda dabgin ya sauka a wani babban otal a birnin Iest, 'yan siyasa da masu ba da bashi suka yi masa caa, har ya wayi gari firaminista. Wanda duk ya taɓa ganin yadda ake cinikin wakilai a daren zaɓe zai gane mutanen da ke cikin littafin nan. Daga nan sai Church & State, fitowa ta 52 zuwa ta 111, inda dabgin ya zama Fafaroma, ya hau sama ya ce wa talakawa su kawo masa zinariyarsu duka ko duniya ta tashi. Sim bai yi wa jaruminsa kwalliya ba ko kaɗan. Akwai inda wata mata ta matsa masa ya sa wa jaririnta albarka, ya sa masa, sannan ya yi wurgi da jaririn. Mai karatu yana cikin dariya sai ta maƙale masa a wuya, domin an nuna masa abin da mulki ke mayar da mai kwaɗayi.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda yake rubuta maganar mutane da hannunsa. A yawancin labaran zane haruffa duk iri ɗaya ne, an jera su cikin da'ira. A wurin Sim, idan mutum ya bugu haruffansa tangaɗi suke yi. Idan raɗa yake yi sai su ƙanƙance har sai ka kusanto da takardar. Idan mutum biyu na gardama sai da'irar wannan ta hau kan ta wancan ta rufe rabin kalmarsa, kamar yadda ake katse juna a zahiri. Da ido kake karatu, amma kunnenka na jin murya. A fitowa ta 20 ma ya yi wani abu da ya sa mutane sayen kwafi biyu: idan aka warware shafukan aka jera su, sai su haɗu su zama babban hoton dabgin guda ɗaya.

Ana yawan cewa aikin mutum ɗaya ne, kuma ta fuskar rubutu haka ne. Amma gaskiya ta fi haka faɗi. A shekarun farko Deni Loubert, wadda ta zama matarsa, ita ke riƙe da harkar kamfanin, har suka rabu ta kafa nata mai suna Renegade Press a 1984. A wannan shekarar ne kuma, daga fitowa ta 65, wani mai zane da aka fi sani da Gerhard ya fara zana duk abin da ke bayan mutanen: bango, taga, kujera, dutse, girgije, da siraran layuka dubbai da ke sa ka ji sanyin ɗaki ko nauyin gini. Shekara ashirin yana wannan aiki. Duk mai yabon kyawun shafukan Cerebus bai ambaci Gerhard ba, ya ci haƙƙinsa.

Su biyun ne suka yi Jaka's Story, wanda a ganina shi ne ƙololuwar aikin. Babu yaƙi, babu fada. 'Yan mutane ne a wani lungu a gefen dutse: Jaka mai rawa a wata mashaya da ba ta da ciniki, mijinta Rick da ba ya aikin fari balle na baƙi, da mai mashayar da ke kallonta yana saƙa abin da ba ya iya furtawa. Sim ya ba wa matar nan lokaci. Ka gan ta tana lissafin kuɗin cefane, ka ga gajiyarta, ka ga yarintarta a gidan masu mulki inda aka rene ta ba tare da wani ya tambaye ta abin da take so ba. Marubuci ba ya iya wannan sai ya saurari mata da gaske.

Ta ɓangaren kasuwa ma ya bar gado. A 1986 ya tattara High Society ya zama littafi ɗaya mai shafi 500, ya riƙa sayar wa masu karatu kai tsaye ta gidan waya, abin da ya ɓata wa dillalai da masu shaguna rai. Saboda kaurinsu aka riƙa kiran littattafan nan kundin lambobin tarho. Yau tattara labari mai tsawo a littafi guda ya zama ruwan dare a sana'ar. Yana cikin waɗanda suka zauna a Northampton a 1988 aka fitar da takardar haƙƙoƙin masu ƙirƙira. Da ya rubuta wa Todd McFarlane fitowa ta 10 ta mujallarsa Spawn a 1993, kuɗin da aka biya shi sai ya miƙa wa asusun da ke kare masu zane a kotu. A 1997 ya fitar da jagora ga mai son buga aikinsa da kansa. Matasa da yawa daga wurinsa suka ga cewa abin mai yiwuwa ne.

Sai 1994, fitowa ta 186. A nan ya ajiye zane ya cika shafuka da zube, ta bakin wani da ya kira Viktor Davis, wanda kowa ya gane shi ne. Abin da ya faɗa a taƙaice shi ne namiji haske ne mai tunani da ƙirƙira, mace kuwa rami ce mai zuƙe wannan haske. A 2001 ya sake dawowa da doguwar maƙala mai suna Tangent, wannan karon da sunansa ƙarara, ya ƙara tsananta maganar. Ba ra'ayi ba ne a kan aure ko tarbiyya da za a zauna a yi muhawara a kai, cin mutuncin rabin bil'adama ne, kuma a cikin waɗanda ya zaga har da matan da suka shekara goma sha suna sayen mujallarsa kowane wata. Ba na neman masa uzuri, ban kuma yarda da masu cewa wasa yake yi ba. Shi da kansa ya nuna da gaske yake.

Masu sharhi suka juya masa baya, kuma suna da hujjar yin fushi. Inda suka kauce shi ne a 1999, lokacin da mujallar The Comics Journal, wadda ita ce babbar murya a sharhin wannan fanni, ta fitar da jerin ayyuka 100 mafiya daraja na ƙarni a harshen Ingilishi, babu Cerebus a ciki. Wannan ba hukunci ba ne a kan aikin. Babu yadda za a yi mai gaskiya ya ɗora High Society da Jaka's Story a sikeli ya ce ba su kai cikin ɗari ba. Aikin mai sharhi shi ne ya gaya wa mai karatu abin da ke cikin littafi, mai kyau da mummuna, ya bar shi ya zaɓa. Idan ya ɓoye gwaninta don yana ƙin mai ita, gobe ba za a yarda da shi ba ko da ya faɗi aibi na gaskiya. An samu waɗanda suka gyara daga baya. Douglas Wolk ya ware masa babi a littafinsa Reading Comics na 2007, Tim Kreider kuma ya rubuta doguwar maƙala a kansa a cikin ita The Comics Journal ɗin a 2011. Dukansu sun karanta aikin har ƙarshe, sun yaba inda ya cancanta, sun kuma kira ɓarnar da sunanta.

To, me ya kai shi nan? Ni dai ina ganin 'yancin da ya ɗaga shi, shi ne ya kayar da shi da ya rasa abokin shawara. Magini da ke kan katanga ba ya ganin ta karkace, sai na ƙasa ya gaya masa. Sim shi ne marubuci, shi ne edita, shi ne mai kamfani, shi ke amsa wasiƙun masu karatu a bayan mujalla. A kashi na ƙarshe na labarin ya shafe fitowa bayan fitowa yana cusa sharhinsa na kansa a kan Attaura cikin ƙananan haruffa da sai an ƙura ido, labarin ya tsaya cik. Mujallar da ta taɓa sayar da kwafi sama da 30,000 a wata ta koma ƙasa da 10,000. Daga baya har ya kai ga cewa ba zai yi hulɗa da mutum ba sai ya sa hannu a kan cewa shi Sim ba maƙiyin mata ba ne. Wanda ya gindaya wannan sharaɗi ya riga ya rufe ƙofar gyara.

Za a ce mini ai da yana da edita a babban kamfani, da tun farko ba a bar shi ya yi fitowa 25 a kan siyasar wani dabgi ba. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba na cewa ya kamata ya sayar da kansa. Ubangida mai mallakar aikinka daban, mai karatu amintacce da ka ba shi izinin ya ɓata maka rai daban. Jeff Smith, wanda ya bi sawun Sim, ya buga mafi yawan Bone da kansa daga 1991 zuwa 2004, fitowa 55, matarsa Vijaya Iyer na riƙe da harkar kamfaninsu Cartoon Books. Bai saki mallakarsa ba, labarin bai ɓace masa ba, kuma daga 2005 kamfanin Scholastic ya fitar da shi da launi ya shiga hannun yara a makarantu.

Wannan rigima ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lokacin da marubutan Kano irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu suka riƙa fitar da littattafansu ba tare da jiran manyan kamfanonin ɗab'i ba, an yi ta kai ruwa rana a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu. Kowane ɓangare na da abin da ya gani daidai: akwai gwaninta da ƙarfin hali da aka raina, akwai kuma littattafan da suka fita babu wanda ya duba su kafin a kai maɗaba'a. Yau da waya ta sa kowa zai iya sakin labarinsa ko zanensa cikin minti ɗaya, matsalar ta ƙaru.

Don haka kirana ga matasanmu masu zane da rubutu: ku buga da kanku, kada ku sayar da mallakar abin da kuka ƙaga a kan kuɗin shafi, amma kafin ku saki aiki ku ba wa mutum biyu da ba sa jin tsoronku su karanta, a cikinsu a samu mace. Wanda kuma ya samu damar karanta Cerebus, ya fara da High Society, ya bi da Church & State da Jaka's Story. Idan ya iso fitowa ta 186 ya karanta ta da idonsa, ya yanke wa kansa hukunci ko zai ci gaba.