Mai aron kwamfuta ya fi kowa buƙatar saitinsa a Git

1/ Jiya a guruf ɗin ajinmu wani ya ce ajiye saitin edita a Git "iyayi ne na masu MacBook". Na yi shiru a can don kar a ce na cika musu. Nan zan ba shi amsa. Zare 🧵

2/ Ni ɗan Shagari ne, a Sakkwato nake karatu. Laftof ɗina tsohuwa ce, Linux ke kanta. Hutun da ya wuce cajarta ta ƙone, ga aikin da zan miƙa cikin kwana uku.

3/ Na hau mota zuwa Boɗinga, yayana ya ara mini tasa mai Windows. Da dare in an ɗauke wuta, sai in koma waya da Termux. Duk inda na je dai Vim ne.

4/ Fayil guda ya cece ni. A Linux da Termux sunansa .vimrc, a Windows _vimrc. Na yi git clone, na ajiye shi inda ya dace, kafin shayi ya huce komai ya dawo yadda hannuna ya saba.

5/ Me ke ciki? Ga ɗaya. Allon madannanmu ba shi da ƙ, ɗ, ɓ. Na sa layin nan:

digraph kk 409 dd 599 bb 595

Ctrl-K sannan kk, sai ga ƙ. A kowace na'ura. Wannan ne iyayin, malam?

6/ Akwai tarko, ba zan ɓoye ba. Windows na rufe layi da CRLF, Linux da LF. Ka gyara fayil ɗin a Windows ka kai Linux, Vim ya cika maka fuska da kukan ^M. Magani: a .gitattributes ka rubuta * text eol=lf

7/ Abin da ya shafi Windows kaɗai, ka kulle shi cikin if has('win32'). Kuma don Allah kar ka sa kalmar sirri a ciki.

8/ Za a ce ai VS Code na da Settings Sync. Gaskiya ne, yana aiki. Amma sai da intanet, kuma sai ka shiga asusunka na GitHub ko Microsoft a kwamfutar wani. Ka manta ba ka fita ba fa? Fayil ɗina ko a filash ya shiga, ba ruwansa da data.

9/ Ku kuma masu kwaso saitin layi 500 daga YouTube: zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da ya lalace ba ku san inda za ku taɓa ba. Layin da ba ka gane ba, goge shi.

10/ Mai MacBook na'urarsa guda, kullum tana jakarsa. Mu ne yau kwamfutar yaya, gobe ta shago, jibi waya. To wa ya fi buƙata?

11/ Daren nan ka rubuta layi goma, ka tura Git. Caja ba ta sallama kafin ta ƙone.