Majinar Zomo Ba Kullum Mura Ba Ce

Uwargida, atishawa da majinar zomon yaranki galibi ƙwayoyin cuta ne, ƙurar hunturu ko ciwon haƙori. Amma in majinar ta hanci ɗaya take fita da jini, fuska ta kumbura, magani ya ƙi ci, ana zargin ciwon daji. Da hanci zomo ke numfashi, toshewarsa na iya kashe shi. Kada ki ba shi Ampiclox, yana halaka zomo. Ko daga Tsafe ko Bungudu kike, nemi likitan dabbobi a Gusau. Hoto da gwajin tsoka ke tabbatarwa, a asibitin koyarwa na dabbobi a Sakkwato ko Zariya. Wani a yi masa tiyata, wani a rage masa raɗaɗi. Ki gaya wa yara gaskiya cikin lallashi.